Darasi na 17: Ƙasar fadama mai riƙe ruwa

A ƙasar Dungas da Magarya, kudu da Damagaram, manomi ya san ƙasa iri biyu. Akwai jigawa, akwai fadama. Jigawa rairayi ce. In an yi ruwa da dare, kafin hantsi ta shanye shi. Fadama kuwa tana cikin kwari, inda ruwan tuddai yake gangarowa. Akwai irinta da yawa a kwarin Korama, wajen Waca da Bande da Guci. A can ruwan ƙasa yana kusa. Wani wuri, in an yi ginar mita ɗaya ko biyu, sai a tarar da shi.

1. Me ya sa ruwa yake kwanciya?

Dalilai uku ne. Na ɗaya, kwari ƙasa-ƙasa yake, ruwa ba ya samun mafita. Na biyu, laka tana da ƙananan ƙwayoyi waɗanda suka matse juna, ruwa ba ya ratsa ta da sauri. Na uku, da damana ruwan ƙasa yana tasowa har ya iso saiwar shuka.

2. Saiwa tana numfashi

Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƴan kafofi. A ƙasa mai kyau, wasu kafofin suna da ruwa, wasu suna da iska. Saiwa tana shan ruwan, tana shaƙar iskar. In ruwa ya cika kafofin duka, iska ba ta shiga. Cikin ƴan kwanaki ƙananan halittun da ke cikin ƙasa su cinye sauran iskar da ta rage. Sai saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa. Shi ya sa hatsi da wake da gyaɗa suke mutuwa a tsakiyar ruwa. Ba ƙishirwa ke kashe su ba, rashin iska ne.

Shinkafa ba haka take ba. A cikin karanta akwai ƴan hanyoyi masu kai iska daga ganye zuwa saiwa. Bado ma haka yake.

3. Launin ƙasa yana ba da labari

A cikin ƙasa akwai ƙarfe kaɗan. Inda iska take shiga, ƙarfen yana tsatsa, ƙasa ta yi ja ko ruwan ɗorawa. Inda ruwa ya daɗe kwance, sai ta koma ruwan toka, wani lokaci da shuɗi-shuɗi. Inda ruwa yake hawa da damana yana sauka da rani, sai a ga ɗigo-ɗigon tsatsa cikin tokar. In laka tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta daɗe ba ta ga iska ba. Manomin da ya gina rami da rani yana iya gane inda ruwan damana zai tsaya.

4. Fadamar ƙasashen sanyi

Ba a Nijar kaɗai ake da irin wannan ƙasa ba. A Turai akwai duwatsun Alp, waɗanda suka ratsa Faransa da Italiya da Suwis. Tsakaninsu akwai kwaruruka masu ciyawa, inda ake kai shanu kiwo. In mutum ya hau mita 1000, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Dusar ƙanƙara tana rufe wuraren nan watanni da yawa. In ta narke, ruwa ya taru cikin kwari.

A can, sanyi da rashin iska suna hana matacciyar ciyawa ruɓewa. Sai ta yi ta taruwa, ta zama baƙar ƙasa mai laushi kamar soso. Kaurinta yana ƙaruwa da wajen milimita ɗaya a shekara. Ke nan mita ɗaya tana cin shekara dubu.

A Dungas rana ce mai ƙarfi. Ciyawa tana ruɓewa da wuri. Amma zafi yana jawo ruwan ƙasa sama, ruwan ya bi iska, ya bar gishiri da kanwa a bisa. In fari-farin nan ya yi yawa, iri ba ya tsirowa.

5. Yadda ake aikin fadama

Fadama taska ce. Bayan farin 1984 gwamnatin Nijar ta ƙarfafa noman rani, garake suka yawaita. Amma a shekara mai ruwa da yawa, kamar 2024, wanda ya shuka hatsi a gindin kwari yana iya rasa iri da wahalarsa. Saboda haka kowace shuka da wurinta. Shinkafa a tsakiya, inda ruwa yake kwanciya. Rake a gefe, inda laima take daɗewa. Rogo da dankali a bisa manyan kunyoyi. Albasa da tumatir da kabeji sai ruwa ya janye. Hatsi ya tsaya a jigawarsa.

Manomi yana gina ƙaramar magudana don rarar ruwa ta fita. Yana zuba takin dabbobi don laka ta saki. Ba ya barin shanu su tattake ta tana jiƙe, don in ta bushe sai ta yi tauri kamar tubali. Yana barin gawo da goriba a bakin kwari, don su tare rairayin da iska take kawowa.

Abin riƙewa

Ƙasa mai riƙe ruwa tana rasa iska. Launin toka da ɗigon tsatsa su ne alamarta. Sanyi yana tara mata baƙar ƙasa, zafi yana tara mata kanwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai uku ne suke sa ruwa kwanciya a fadama?
2. Me ke kashe hatsi in ruwa ya kwanta masa?
3. Shekara nawa baƙar ƙasar duwatsun Alp take yi kafin ta kai santimita 50?

Aiki

A samo gwangwani biyu, a huda gindinsu. A cika ɗaya da rairayin jigawa, ɗaya da lakar fadama. A zuba wa kowane ruwa kofi ɗaya. A duba wanda ya fara ɗiga, a rubuta abin da aka gani.