Darasin Wannan Wata: Asalin Sunayen Kuɗinmu

A wannan wata za mu yi nazarin kalmomi biyar: fam, sule, sisi, kwabo da dala.

Wanda ya taso daga Rijiyar Lemo, ya bi ta Fagge, ya shiga kasuwar Sabon Gari, zai ji dattawa suna ambaton su. Yara da yawa ba su san ma'anarsu ba. Dukkansu baƙin kalmomi ne. Daga Ingilishi muka aro su, muka gyara su daidai da bakinmu. Yawancinsu sun bazu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Ingilishi ma yana da dangi. Shi da Jamusanci tushensu ɗaya. Kimanin shekara 1,500 da suka wuce, wasu ƙabilu suka tashi daga arewacin Jamus suka zauna a Ingila da harshensu. Shi ya sa kalmominsu suke kama da juna.

1. FAM. Bature ɗan Ingila yana cewa pound. Bajamushe yana cewa Pfund. Asalin ma'anarta nauyi ne, domin da can auna azurfa ake yi a ma'auni. Har yau a Jamus, Pfund rabin kilo ne. Fam 1 sule 20 ke nan.

2. SULE. Da Ingilishi shilling, da Jamusanci Schilling. Kafin zuwan naira, sule 1 kwabo 12 ne.

3. SISI. Daga sixpence ta fito, wato kwabo 6, rabin sule. Shida da Ingilishi six ne, da Jamusanci kuwa sechs. In an ce wane ba shi da ko sisi, ana nufin ba shi da kome.

4. KWABO. Daga copper ta fito, wato jan ƙarfe. Jamusawa suna cewa Kupfer. Duka biyun sun samo suna daga tsibirin Kubrus da ke Bahar Rum, inda mutanen da suke haƙo jan ƙarfe.

5. DALA. Wannan kam daga Jamusanci Ingilishi ya aro ta. Wajen 1520 aka fara buga kuɗin azurfa a wani gari mai suna Yowakimstal, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. Da Jamusanci Tal kwari ne. Mutane suka taƙaita sunan kuɗin, suka riƙa cewa Taler. Ingilishi ya mai da shi dollar. Mu kuma muka ce dala. Ba ta da haɗi da Dutsen Dala na Kano. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Kakanninmu sun san wannan azurfa tun kafin mulkin Turawa. Fatake sun riƙa kawo wadda take da hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya rubuta cewa ana canza dala 1 da wuri 2,500.

To, mene ne amfanin sanin wannan? Amfaninsa a ciniki yake. Ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam ta koma naira. Fam 1 ya zama naira 2. Sule ya zama kwabo 10. Dala, wadda a nan sule 2 ce, ta zama kwabo 20. Kuɗin ya canza, amma sunayen suka zauna a baki.

Ga misali. Dattijo ya ce ana bin sa tsohon bashi fam 500. Wannan naira 1,000 ce. In magaji ya biya naira 500, rabi kawai ya biya. Haka kuma in ka je Maraɗi aka ce maka dala, tamma 5 ta sefa ake nufi. In ka ji ta a rediyo cikin labaran duniya, kuɗin Amurka ne. Kalma ɗaya, ma'ana uku.

Saboda haka, in za ku rubuta takardar bashi, ko jingina, ko cinikin gona, ku sa adadin da lambobi. Ku rubuta sunan kuɗin a fili. Ku karanta wa shaidu kafin kowa ya sa hannu. Rigakafi ya fi magani.

AIKIN GIDA
1. Fam 35 naira nawa ne?
2. Kafin 1973, sisi nawa ne a cikin sule 3?
3. Daga wane harshe Ingilishi ya aro kalmar dala?
4. Tambayi wani dattijo ma'anar taro da nai. Rubuta amsarsa a littafinka, ka kai wa malamin ajinku.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.