Zango da Ƙauye a Hanyar Gabas: Nazari a kan Tafiyar Hajji a Ƙasa daga Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Idan ana zancen aikin hajji na zamanin da, yawanci akan taƙaita a kan sarakunan da suka tafi da dukiya da dakaru, irin su Mansa Musa na Mali wanda ya ratsa Masar a 1324, da Askiya Muhammadu na Songhai wanda ya tashi a 1496, da Mai Idris Aloma na Barno. Ba safai ake tuna talakan da ya saɓi gafaka ya riƙi sanda ya fuskanci gabas da ƙafa ba, alhali shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya bar alama a ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce duba hanyar da wannan talaka ya bi daga ƙasar Hausa zuwa gaɓar Bahar Maliya, da nuna cewa ƙauyukan da ke bisa hanyar su ne ƙashin bayanta, domin da babu su da tafiyar ba ta yiwu ba, kuma da yawa daga cikinsu tafiyar ce ta haife su.

Hanyar Arewa da Hanyar Gabas

Akwai wani zato da ya yaɗu cewa tun fil azal ta Sudan alhazan ƙasar nan suke bi. Wannan zato bai dace da abin da tarihi ya nuna ba. Tsohuwar hanya ta arewa ce, watau daga Kano ko Katsina a nufi Agadas, a bi ta Gat da Murzuk, a ratsa hamada zuwa Alƙahira, sa'an nan a haɗu da ayarin Masar. Shi ya sa tun cikin ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da masaukin ɗalibai da alhazai a Alƙahira. Amma wannan hanya ta mai hali ce. Hamada ba ta da ƙauyen da mutum zai tsaya ya yi ƙodago, kuma wanda ba shi da raƙumi da guzurin watanni ba shi da abin da zai kai shi.

Hanyar gabas ba ta buɗe sosai ba sai da daulolin Musulmi suka kafu a jere tsakanin Barno da Nilu: daular Funj a Sinnar a farkon ƙarni na 16, sa'an nan Bagarmi, sa'an nan Wadai da Darfur cikin ƙarni na 17. Daga nan matafiyi yana iya fita daga hannun wani sarkin Musulmi ya shiga hannun wani har ya kai teku. A 1814 Baturen nan mai yawon bincike, Burckhardt, ya gamu da mutanen yamma a ƙasar Sudan suna tafe a ƙasa zuwa Sawakin, mafi yawansu ba su da kome sai allo da ƙwarya. Duk da haka hanyar ba kullum take lafiya ba. Yaƙe-yaƙen Mahadi a Sudan daga 1881 zuwa 1898, da ɓarnar Rabe wanda ya rushe Kukawa a 1893, sun sa ta yi tsanani ƙwarai a ƙarshen ƙarni na 19.

Dalilin Fiƙihu

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya sa matalauci zai ɗora wa kansa abin da Allah ya ɗora wa mai iko kaɗai? Amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaure. A mazhabar Malikiyya ba a sharɗanta abin hawa ba wajen fassara iko. Risala ta ambaci amincin hanya da guzuri da ƙarfin isa Makka, ko bisa abin hawa ko a ƙasa. Muhtasar na Halilu ya ƙara faɗaɗawa, ya shigar da mutumin da ba shi da guzuri ba shi da dabba, muddin yana da sana'ar da za ta riƙe shi kuma yana iya tafiya. To, Bahaushen da ya iya wanzanci ko dukanci ko saƙa, ya kuma saba da fatauci zuwa Gwanja, da wuya ya ga kansa a wajen wannan hukunci. Ba dukan malamai ne suka saki wannan ƙofa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu yana jan hankali ga ɓarnar da ke samun mahajjaci a hanya, kuma abin lura ne cewa shi da Shehu Usmanu ba su sami zuwa hajji ba. Amma talaka ya fi jin fatawar da ta dace da begen da ke cikin zuciyarsa.

Yadda Ake Tafiyar

Kafin tashi mutum yakan biya bashi, ya mai da amana, ya bi gida gida yana neman gafara, domin sallamar ba ta da bambanci da ta wanda ba a sa ran komowarsa. Wasu sukan tafi da iyalinsu gaba ɗaya. Kayan tafiya kuwa ba su da yawa: buta, tabarma ko buzu, salkar ruwa, gumba, kuka da daddawa, da kayan sana'a. Wanda ya sami jaki ya yi arziki. Akan tashi bayan kaka, lokacin da hatsi ya samu, rafuka suka janye, ƙasar firki ta Barno ta bushe har ƙafa za ta iya takawa. Tsarin ayarin kuma aro ne daga fatauci, da madugunsa da zangonsa.

Hanyar da ta fi shahara a ƙarni na 20 takan bi ta Maiduguri da Dikwa zuwa Kusuri, a haye kogi a shiga Fallomi, watau Injamena ta yau, sa'an nan Ati da Abeshe da Adare. Daga nan sai Janaina, ƙofar Darfur, sai Fashir, sai Nuhud da Ubayyid a Kurdufan, a haye Farin Nilu a Kosti, a bi ta Sinnar ko Madani zuwa Gadarif da Kasala, a gangara Sawakin. Tsawonta ya haura mil 2,000. Lissafa waɗannan garuruwa yana iya ruɗin mai karatu ya zaci daga birni ake zuwa birni, alhali tsakanin kowane biyu akwai kwanaki masu yawa na ƙauyuka, kuma a nan ne ainihin tafiyar take.

Abin da ƙauye ke ba matafiyi uku ne: ruwa, masauki, da aiki. Batun ruwa ya fi tsanani a yammacin Kurdufan, inda rijiya ke wuya. Mutanen wannan yanki sukan rarake cikin itacen kuka, su ɗura ruwan sama a ciki da damina, su ajiye shi don rani. Kowace kuka da mai ita, kuma baƙo ba ya sha sai da izini ko da kuɗi. Inda kuka ta ƙare sai a koma ga guna, mutum da dabba su sha ruwanta. Bahaushen da ya taso yana ganin kuka abin miya da igiya kurum, a can ya tarar da ita ta zama randa.

Masauki kuwa yakan kasance a masallaci ko a makarantar allo, wadda mutanen Sudan ke kira halwa. Ma'anar kalmar a can ta bambanta da yadda Bahaushe ya san ta, watau keɓewa don ibada. Daga baya, da Hausawa suka yi yawa, sai kusan kowane gari mai kasuwa ya sami unguwar baƙi da shugabanta, wanda zai sauki sabon zuwa, ya yi masa tafinta, ya nema masa gona ko aiki, ya kuma gaya masa halin da hanya ke ciki a gaba. Wannan shi ne tsarin mai gida da baƙonsa da aka sani a zangunan Kurmi, aka ɗauke shi aka kai gabas.

Batun aiki shi ne ya fi muhimmanci, domin shi ne ya sa tafiyar da za a iya yi cikin watanni take cin shekaru. Idan damina ta riski ayari sai a tsaya. A roƙi fili wurin mai gari, a shuka gero ko gyaɗa, a girbe, a sayar, a ƙara gaba. Da rani kuma a yi ga-ruwa, ko yankan farce, ko ɗinkin hula, malami ya yi rubutun sha da laya, mata su soya ƙosai da waina. Damina ɗaya takan zama biyu idan amfanin bai yi kyau ba, ko an yi haihuwa, ko an yi rashi. Ta haka ake samun yaron da aka haifa a Wadai, ya yi wayo a Darfur, ya yi sauka a bakin Nilu, bai taɓa ganin garin ubansa ba.

Bai kamata a ƙawata abin fiye da kima ba. Mutane da yawa sun mutu da ƙishirwa da agana da kwalara, an bizne su a inda ba wanda ya san sunansu. 'Yan fashi suna tare hanya, wasu sarakuna suna karɓar fito mai nauyi. Mafi muni, akwai waɗanda aka yaudara da sunan hajji, musamman yara da mata, aka sayar da su bayi a ƙetaren teku, kuma ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962. Haye tekun ma wata masifa ce ga wanda ba shi da takarda ko kuɗin babban jirgi, domin sai ya shiga ƙaramin jirgin katako mai tafiya da iska, wanda ake kira sambuk, a sauke shi da dare a wata gaɓa nesa da Jidda.

Ƙauyukan da Hanya ta Haifa

Tun kafin zuwan Turawa akwai garin Gallabat a kan iyakar Sudan da Habasha, wanda mutanen yamma da ake kira Takarir suka zauna har suka yi sarauta. Amma babban misali shi ne Mai Wurno. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bar gonaki da gidaje ta bi shi. A idon waɗannan mutane hijira da hajji abu ɗaya ne, domin an daɗe ana faɗin cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta yi gabas. An kashe Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar har bakin Shuɗin Nilu, suka zauna kusa da Sinnar, garin kuma ya ɗauki sunansa. Daga baya ya zama zangon da masu zuwa daga yamma suke nufa kafin su ƙarasa.

Abin da ya ƙara riƙe mutane a wannan yanki shi ne auduga. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe manyan gonakin Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta tashi, hukumar mulkin mallaka kuwa ta ga babu masu jimiri kamar waɗannan baƙi. Haka nan gonakin dawa da riɗi na Gadarif. Ƙauyukan Hausawa suka yi ta tsirowa a gefen magudanan ruwa, yawancinsu na bukkoki, domin mazaunansu ba su yarda cewa sun zauna ba. C. Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a cikinsu ya fitar da littafi a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen matafiyan farko suna ɗaukar kansu a matsayin masu kan hanyar Makka, ko da yake a nan aka haife su. Ana iya cewa bashi da tsarin noman kashi ne suka ɗaure su, ana kuma iya cewa niyyar ce ta zama musu asali. Bisa ga alama duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya riƙi ɗaya ya saki ɗaya bai fahimci ƙauyen ba.

Ga ɗalibin harshe akwai abin nazari a sunayen da aka ba su. A Sudan akan tara Hausawa da Fulani da Barebari a kira su Fallata, kalmar da asalinta sunan Fulani ne a bakin Barebari. A Hijaz kuwa Takari ake cewa, daga Takrur, tsohuwar daula ta bakin kogin Senegal. Kalmar ta komo gida ta shiga Hausa da ma'anar wanda ya je Makka ya maƙale yana neman abinci, kuma sau da yawa da raini a cikinta.

Mutuwar Hanya

Ƙafa ta fara ja da baya ne tun da jirgin ƙasa ya isa Ubayyid gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin daga nan mai kuɗi yana iya hawa har teku. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi ta jirgin ruwa a 1921. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci suka kama hanyar Maiduguri zuwa Sudan, sa'an nan jirgin sama ya zo, har Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975. Fasfo da takardar allura da iyakokin sababbin ƙasashe suka ƙarasa abin da mota ta fara. J. S. Birks, wanda littafinsa kan wannan hanya ya fito a 1978, ya riski sauran masu binta a Chadi da Darfur, amma lokacin ta riga ta zama hanyar marasa hali kaɗai.

Ƙauyukan kuwa suna nan, da matsalar da tafiyar ta bar musu, watau ko mazaunansu 'yan ƙasa ne ko baƙi. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan mallakar ƙasa da neman sarautar gargajiya, aka kashe mutane da dama, dubbai suka bar gidajensu. A watan Afrilu na 2023 kuma yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, ya ci Janaina da Fashir da Jazira da yankin Sinnar, watau zangunan nan da aka lissafa a baya. Mutanen Janaina da suka tsira a 2023 sun bi tsohuwar hanyar ce a ƙasa, sai dai yamma suka fuskanta, zuwa Adare.