Dirowa da laima

Yara, kun san tumfafiya. Daga Tasawa har Mayahi da wuya ku sami saurar da babu ita. In ɗanta ya bushe ya tsage, sai ƴan ƙwayoyi su fito, kowace da farin gashi mai laushi a kanta. Ƙwayar ba ta faɗowa tim kamar tsakuwa. Sannu sannu take saukowa, iska na lilo da ita. Wani lokaci sai ta ƙetare gona guda kafin ta taɓa ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Bara waccan ina koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Mayahi. Wani ɗalibina ya ga bidiyo a salular wansa: mutane suna dirowa daga jirgin sama, laima ta buɗe bisa kansu, su sauka lafiya suna dariya. Ran Lahadi sai ya ɗauki laimar babansa, ya hau kan soro, ya buɗe ta, ya diro. Laimar ta kife, ƙarafunanta suka karye, ƙafarsa ta hagu ita ma ta karye. Wata biyu bai zo aji ba.

Da na je gaishe shi, yana kwance kan tabarma, an yi masa ɗori. Ya ce mini: «Mushe, ni ma fa laima na riƙe. Don me tasu ta riƙe su, tawa ta ƙi?»

Ban yi masa faɗa ba, an riga an yi masa ya isa. Tambayarsa kuwa mai kyau ce. Ita za mu amsa yau.

Iska ba wofi ba ce

Ku ɗauki takarda biyu masu girma ɗaya. Tsofaffi za ku nema, kada wani ya yage kayensa. Ku dunƙule ɗaya, ku bar ɗaya a shimfiɗe. Ku ɗaga su sama, ku sake su tare. Dunƙulalliyar za ta riga isa ƙasa. Amma ai nauyinsu ɗaya ne. To, me ya tsai da ɗayar?

Iska ce. Ba mu ganinta, amma tana nan, ta cika ko'ina. Duk abin da ke faɗowa sai ya ture iskar da ke ƙarƙashinsa, ita ma ta ture shi. In abu na da faɗi, iska mai yawa yake turewa, sai saurinsa ya ragu. Gashin tumfafiya aikin da yake yi ke nan: yana ƙara wa ƙwaya faɗi, bai ƙara mata nauyi ba.

A kan wata babu iska. A 1971 wani ɗan sama jannati na Amurka, David Scott, ya tsaya can, ya saki guduma da gashin tsuntsu lokaci guda. Tare suka taɓa ƙasa. Ke nan da za a kai laima wata, ba ta da amfanin komai.

Yanzu mu auna. Laimar ruwa irin ta babansa, faɗinta duka bai wuce murabba'in mita 1 ba. Laimar dirowa mai siffar ƙwarya, irin ta dā, in an shimfiɗa ta ƙasa takan kai murabba'in mita 60. Ajinmu tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 7. Ku yi lissafi: 63. Wato yaron nan ya nemi ɗan ƙyallen da bai rufe tebur biyu ba ya yi masa aikin ƙyallen da zai rufe aji sukutum. Ga shi kuma da hannu ya riƙe ta, alhali laimar gaskiya a jiki ake ɗaura ta, a kafaɗu da ƙirji da cinyoyi.

Waɗanda suka fara

Da Faransanci ana ce wa wannan laima parachute. Kun san chute, faɗuwa ke nan. Sunan duka na nufin abin da ke kare mutum daga faɗuwa. Wani Bafaranshe mai suna Lenormand ne ya raɗa shi, yau fiye da shekara 200.

Ran 22 ga Oktoba 1797, a birnin Paris, wani mai suna Garnerin ya tashi sama cikin kwando, ƙaton balan-balan na ɗauke da shi. Da ya yi nisa sai ya yanke igiyar da ta haɗa shi da balan-balan, ya sauko da laimar siliki. Laimar ta yi ta wujijjiga shi dama da hagu, don iskar da ta taru a cikinta ba ta da mafita, sai ta gefe. Ya dai sauka da ransa. Daga baya aka gane a bar ƴar ƙofa a tsakiyar laima, iska ta riƙa fita kaɗan kaɗan, lilon ya ragu. A 1799 wata mace, Jeanne Labrosse, ita ma ta sauko haka. ƴan mata, kun ji.

A 1919, a Amurka, Leslie Irvin ya diro daga jirgin sama da laima a naɗe cikin jaka a bayansa. Sai da ya rabu da jirgi sannan ya ja igiya da hannunsa, ta buɗe. Wurin sauka ya karye a idon ƙafa. Shi ma ke nan!

A ƙasarmu sojoji muka sani da dirowa da laima, aikinsu ne. Amma a Faransa da Amurka da ƙasashe da yawa, farar hula ma suna yi don wasa, kamar yadda mu muke kokowa da langa. Har gasa suke yi. Gasar duniya ta farko a 1951 aka yi ta, a garin Bled na ƙasar Turai. A wata irin gasar, mutum zai taso tun daga sama ya ɗora diddigensa kan wani ɗigo mai faɗin santimita 2, kamar faɗin dala. Wasa ne mai cin kuɗi, ba kowa ke iyawa ba ko a can.

Abin da ke cikin jaka

Mai dirowa ba laima ɗaya yake goyo ba, biyu ne. Akwai babba, wadda yake buɗewa kullum. Akwai ta ajiya, wadda ba a taɓa ta sai babbar ta ƙi. Babbar shi yake naɗe ta da kansa. Ta ajiya kuwa sai gwani mai takardar izini. A Amurka doka ta ce duk kwana 180 a warware ta, a duba, a sake naɗewa, ko da ba a yi aiki da ita ba.

Laimar ƴan wasa ta yau ba ƙwarya ba ce. Mai kusurwa huɗu ce, kamar katifa. Wani mai suna Domina Jalbert ne ya ƙago irinta a shekarun 1960. Da nailan ake yin ta, ƙyalle biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗinke tsakaninsu ɗaki ɗaki, bakwai ko tara. Bakin kowane ɗaki a buɗe yake ta gaba. Iska ta shiga, ta kumbura su, sai laima ta zama fiffike. Don haka ba ta bukatar faɗin ta dā: ta ɗan koyo ba ta cika wuce murabba'in mita 28 ba. Tana da linzami biyu. Ka ja na dama, ka juya dama. Ka ja na hagu, ka juya hagu. Ka ja su tare, ta rage gudu, kamar dokin da aka ja wa linzami.

A hannunsa akwai wani abu kamar agogo, amma ba lokaci yake nunawa ba, nisan da ya rage tsakaninsa da ƙasa yake nunawa. Yana sa hular kwano da tabarau. Cikin jaka kuma akwai wata ƴar na'ura mai batir. In mutum ya suma a sama, ya iso ƙasa da mita 300 bai buɗe komai ba, ita ce za ta buɗe ta ajiya da kanta.

Minti ɗaya

Jirgi yakan kai su mita 4000. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yana cikin duwatsun Bagazam, a Abzin, mita 2022 ne. Sai ku ɗora irinsa biyu.

Da mutum ya fita ƙofa, gudunsa na ta ƙaruwa. Bayan sakan 12 ko kusan haka, sai ya daina ƙaruwa, don turin iska ya yi daidai da nauyinsa. A lokacin yana gudun kilomita 180 zuwa 200 a awa. Motar da ke irin wannan gudu, in ta tashi daga Tasawa, kafin minti 40 ta shiga Maraɗi. Yana rub da ciki, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya banƙare ƙirji. In ya dunƙule jiki sai ya yi ta wuntsila gudidi, kuma ba a son buɗe laima ana wuntsilawa, don igiyoyi na iya naɗe shi.

Wannan faɗuwa ba ta kai minti ɗaya cikakke ba. Tun da sauran mita 1000 ko fiye, yake jefa wata ƴar ƙaramar laima cikin iska. Ita ce ke jawo babbar daga jaka. Sai ya ɗaga kai ya duba: ta buɗe sosai? Igiyoyi ba su sarƙe ba? In ta lalace, hannu biyu ne a ƙirjinsa. Na dama yana rabuwa da babbar, na hagu yana buɗe ta ajiya. Na dama ake fara ja. In aka saɓa, laimu biyun na iya cukuikuyewa. In komai lafiya, sai ya yi ƴan mintoci yana shawagi kamar shirwa, ya fuskanci inda iska ke fitowa, ya ja linzami biyu dab da ƙasa, ya sauka a kan ƙafafunsa.

Zaman filin sauka

Bidiyon da ɗalibina ya gani minti ɗayan nan kawai ya nuna masa. Bai nuna masa sauran yinin ba, ni kuwa a ganina nan ne maganar take.

Ɗan koyo yakan yi yini guda a ƙasa kafin ya shiga jirgi. Yana kwanciya yana banƙarewa, yana maimaita jan hannu biyun nan har sai hannunsa ya san wurinsu ko ido rufe. A Faransa sai wanda ya cika shekara 15 ake karɓa, shi ma da yardar iyayensa. Ranar da zai fara, malamai biyu ne ke fita tare da shi, ɗaya dama ɗaya hagu, suna riƙe da shi har ya buɗe laima. Wanda yake so ya ɗanɗana kawai, ana ɗaure shi a ƙirjin malami, kamar goyon gaba, malamin ya yi aikin duka.

Sauran lokaci jira ne. A bakin fili akwai wani dogon buhu marar gindi a kan sanda, yana nuna inda iska ta dosa da ƙarfinta. In ta yi ƙarfi, ƴan koyo ba su tashi. In gajimare ya rufe ƙasa, ba mai tashi. Da a wajenmu ne, ranar da hazon hunturu ya sauka har ba a hangen gawon bakin gari, sai kowa ya zauna shan shayi. Masu jira suna shimfiɗa laimu a inuwa, suna bin igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Kafin a shiga jirgi kuma, kowa sai wani ya duba masa jakarsa, ko ya yi dirowa dubu, don ba mai ganin bayansa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Kun ga masu yasar rijiya a ƙauyukan Mayahi, inda rijiyoyi ke da zurfi ƙwarai. Kafin mutum ya shiga, sai an bi igiya gaba gaba, an ja ƙulli an gani, an san su wa za su riƙe. Ba a ce da mai duba igiya matsoraci. Duk da wannan kulawa, kowace shekara ana rasa rayuka a wasan laima. Da yawa ma laimarsu ta buɗe lafiya lau, wurin sauka ne suka juya dab da ƙasa da gudu.

Ɗalibin nawa ya warke, yana tafiya daidai. Shi ne ya fara yin aikin da ke ƙasa, kuma tasa laimar ce ta fi daɗewa a sama.

Aiki

Ku nemi tsohon ƙyalle marar nauyi ko leda. Ku yanka shi kusurwa huɗu, kowane gefe santimita 40. Ku ɗaura zare a kowace kusurwa, tsawonsu ɗaya. Ku haɗa bakin zaren huɗu, ku ɗaura ƙwallon aduwa. Ku naɗe, ku jefa sama kuna tsaye a ƙasa. Ba wanda zai hau bishiya, ko katanga, ko soro. Ku ƙirga sakan nawa ta yi kafin ta sauka. Sannan ku huda ƴar ƙofa a tsakiya, ku sake jefawa. In kun gama ku tsince ledar, kada awaki su ci.

Tambayoyi

1. Don me takarda shimfiɗaɗɗiya ta fi dunƙulalliya daɗewa a sama?
2. Me ya canja bayan da kuka huda laimarku? Wane mutum ne cikin darasi ya sha irin wannan wahala?
3. Mutum ya diro daga mita 4000, ya buɗe laima a mita 1500. Yana faɗowa mita 50 a kowane sakan. Sakan nawa ya yi kafin ya buɗe?
4. Ban da tumfafiya, wane icce kuka sani wanda iska ke ɗaukar ƴaƴansa? Ku kawo su aji gobe.
5. Ku rubuta jimla uku da Faransanci a kan laimar da kuka yi.