Ciwon suga: wane bayani za ka yarda da shi a wayarka?

'Yan uwa, darasinmu na wannan Juma'a ya samo asali ne daga wata murya da ta zagaya zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa kwanakin baya. Mai maganar ya rantse cewa in mutum ya jiƙa shuwaka da tafarnuwa ya sha kwana arba'in, ciwon suga ya tafi ke nan, sai ya watsar da ƙwayoyin asibiti. Wani maƙwabcina a layin 'yan hatsi ya yarda, ya ajiye maganinsa. Bayan wata biyu ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ko ji ba, sai da wurin ya ruɓe. Yanzu yaransa ke buɗe rumfa. Allah ya ba shi lafiya.

Mu fara da asalin ciwon. Duk tuwo ko doya ko shinkafar da muka ci, ciki yana mayar da ita suga, ta shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ke fitar da sinadarin insulin, shi ne mabuɗin da ke shigar da sugan nan cikin tsoka. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin sa, sai suga ya taru a jini yana ɓata jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa sannu a hankali. Akwai nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara, shi dole sai allurar insulin. Akwai na biyu, wanda ya fi yawa cikin manya irinmu masu wuni a zaune kan benci. Akwai kuma mai zuwa wa mace lokacin goyon ciki. Alamominsa su ne yawan fitsari, ƙishirwa, rama, gani dishi-dishi, da ciwon da ya ƙi warkewa. Amma da yawa suna shekaru da shi ba alama ko ɗaya.

To ina za a karanta? Shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, yana da bayani a taƙaice. Ba shi da Hausa, amma yana da Larabci da Faransanci, don haka ɗalibanmu na Islamiyya da 'yan uwanmu da suka zo daga Maraɗi ko Damagaram za su iya karanta wa jama'a. Akwai shafin ƙungiyar IDF ta duniya, da na NHS, hukumar lafiya ta Ingila, mai sauƙin Turanci. Da Hausa kuwa, sassan BBC da DW da RFI sukan yi hira da likitoci, kuma sukan faɗi sunan likitan da inda yake aiki. Nan ne ma'aunin: wa ke magana, a ina yake aiki, kuma me yake sayarwa? Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda mai haja ke yabon hajarsa. In bidiyo ya ƙare da lambar waya da farashin kwalba, talla ka kalla.

Ga wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Awon suga iri biyu ne, kamar mudu da tiya. Shafukan Amurka suna rubuta mg/dL, na Ingila suna rubuta mmol/L. Mutum ya karanta cewa 7 ita ce iyaka, ya duba na'urarsa ya ga 110, sai hankalinsa ya tashi, alhali bai kai iyakar ba. Lissafin shi ne ka ninka da 18: 7 a awon Ingila ita ce 126 a na Amurka. Wanda aka gwada da safe bai ci komai ba aka samu 126 ko sama, kuma aka sake gwadawa wata rana aka tabbatar, shi ne ake ce wa yana da ciwon. Ka duba fuskar na'urarka ka ga wane awo take bayarwa kafin ka kwatanta da abin da ka gani a intanet.

Sai batun lambar NAFDAC. Hukumar tana da kundi a intanet mai suna Greenbook inda ake duba ko magani yana da rajista. Amma a kula: lamba a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da suga. Ka karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalbar, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Zogale da shuwaka abinci ne mai kyau, a ci a miya. Ba su maye gurbin metformin ko insulin.

Haka zancen "tuwon alkama ba shi da suga". Yana da shi. Alkama da acca da doyar Zing duk suga suke komawa, abin dubawa shi ne yawan malmalar da kuma yawan ganyen da ke gefenta. Zuma ma suga ce. Shi kuwa shayin Mambila ba laifinsa, laifin cokali huɗu ne da madarar gwangwani da mai shayi ke zubawa.

Kan azumi, IDF tare da ƙungiyar likitoci ta DAR sun fitar da jagora a 2016, suka sabunta a 2021, da shawarar malaman addini. Sun ce a ga likita makonni shida zuwa takwas kafin Ramadan don a gyara lokutan magani. Sun ce soka yatsa don gwaji ba ya karya azumi. In suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a awon mg/dL, ko mutum ya ji rawar jiki da zufa da jiri, ya sha ruwa nan take. Wanda likita ya ce kada ya yi azumi, ya zo ya ga liman kan batun ramuwa ko ciyarwa.

Waya ba ta gwada jini, ba ta duba ido. Wannan sai an je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko asibitin unguwa. A tafi da ɗan littafi da aka rubuta sakamakon gwaji da kwanan wata, kamar littafin bashi. A wurin alwala kuma, mai ciwon suga ya riƙa duba tsakanin yatsun ƙafarsa, ya goge su bushe, ya daina yawo ba takalmi. Masu allurar insulin da ke fatauci zuwa Wukari ko Mutum Biyu, kada a bar ta a gaban mota rana na dukanta. A gida, in babu wuta, a sa ta cikin roba mai murfi a ajiye a jikin randa mai sanyi, kuma kada a bari ta daskare a firji.