BAƘIN MAI: DARASI GA MASU ƘANANAN JIF-JIF NA ZAMANI

Wanda ya zaga wajen Kasuwar Muda Lawal a birnin Bauchi, ko kuwa kowace babbar kasuwa ta ƙasar nan, zai ga galan-galan na baƙin mai jere a shaguna da bakin titi, kowanne da launinsa da farashinsa. Sau da yawa mai mota yakan tsaya ya ce, "A ba ni mai kauri, mai kyau," ya biya, ya miƙa wa makanikinsa. Wannan ciniki na minti biyar yana iya zama sanadin mutuwar injin da aka sayo da guminsa na shekaru. Domin haka aka shirya wannan darasi.

Motar jiya da ta yau

Iyayenmu sun saba da Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Injinta yana da sarari a tsakanin ƙarafansa, saboda haka mai kauri irin 20W-50 ya dace da ita. Ƙananan jif-jif da yawa na yanzu kuwa injinsu ƙarami ne, amma an ɗora masa wata na'ura da ake kira turbo. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa shi ne ke juya farfelarta, ita kuma ta cusa iska da ƙarfi cikin injin, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Wannan farfela tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke bugunta kuma zafinsa yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyos. Abin da ke raba sandarta da ƙarfen da take kwance a kai, ɗan siririn shafe ne na baƙin mai. Shi ne kuma ke kwashe zafin. In man bai isa wurin da sauri ba, ko kuwa ya ƙone ya daskare a cikin bututu, to, turbo ta tafi.

Ma'anar lambobin da ke jikin galan

Abu na farko shi ne lambar kauri, wadda ke biye da haruffan SAE, misali 0W-20 ko 5W-30. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu sa'ad da injin yake da sanyi. In ta yi ƙasa, man zai fi saurin zagawa da asuba. Lamba ta biyu kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100, watau lokacin da injin ke tsakiyar aiki.

Abu na biyu shi ne matakin inganci na Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wadda ake taƙaitawa API. Ga injin fetur, matakin yana farawa da harafin S. An fito da SN a 2010, SN Plus a 2018, sa'an nan SP a 2020. Dalilin waɗannan biyun na baya ya shafe mu ƙwarai. A ƙananan injuna masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, wani lokaci fetur yakan kama da wuta tun kafin fulogi ya ƙyasta, musamman in an taka mota da ƙarfi alhali injin yana juyawa a hankali. Wannan yana iya fasa fistan. An gano cewa irin sinadaran da ke cikin baƙin mai suna da hannu a ciki, shi ya sa ake gwada SN Plus da SP a kan wannan matsala. Mai irin wannan mota kada ya sayi abin da ya gaza su. Motocin Turai kuma sukan nemi matakin ACEA, ko wata lamba ta kamfaninsu.

"Ƙasarmu da zafi, sai mai kauri"

Wannan magana ta yaɗu a garejoji, kuma ana faɗinta da kyakkyawar niyya. Gaskiya ne zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu yakan kusa digiri 40. Amma ruwan lagireto ne ke tsare zafin injin, kuma hanyoyin mai na injin zamani matsattsu ne. Mai da ya yi kauri fiye da ƙima yana jinkirin isa turbo, yana kuma ƙara shan fetur. Waɗansu kamfanoni sun yarda a ƙara kauri kaɗan a ƙasashen zafi, amma sun rubuta iyakarsa a littafin mota. A duba littafin, ko murfin da ake zuba mai, a bi abin da aka rubuta. Galibin injuna masu turbo man sintetik suke so, domin ya fi jure wuta.

Hattara da jabu

Araha ba ta ado. Akwai marasa tsoron Allah da ke tace tsohon mai su ɗura a galan mai kyau, suna ɓata sunan 'yan kasuwa na kirki. Kafin ka biya, duba hatimin murfi ko an taɓa shi. Duba lambar rukuni da ranar da aka yi man. Wanda aka haɗa a gida, nemi tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON. Guji man da ake aunawa a kwalba daga buɗaɗɗen duro. Karɓi rasit, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, in an gama kuma ka huda shi don kada a sake cika shi.

Lokacin juye

Ƙurar hunturu, da zafin bazara, da gajerun tafiye-tafiye cikin cunkoson Wunti, duk suna gajiyar da mai da wuri. Littattafan motoci suna kiran wannan aiki mai tsanani, sun kuma ba shi gajeren wa'adi na dabam. Wannan wa'adin shi ne namu. Duk ranar juye a canja matatar mai, a duba matatar iska. Kowane mako a ja sandar awo, mota tana tsaye a wuri mai daidai, injin a kashe. In ka taso daga Jos ko Gombe da gudu, bar injin ya yi minti ɗaya yana aiki a tsaye kafin ka kashe, domin turbo ta huce.

Tsohon mai kuma kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, domin yana gurɓata ruwan sha. A tara shi a mazubi mai murfi.

Jama'a, kuɗin galan guda na man kirki bai kai kusa da kuɗin turbo ko injin tokumbo ba. Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa direbansa da makanikinsa, ranar juye mai zuwa kuma ya tafi kasuwa da littafin motarsa a hannu.