Wa muka bar wa tsoho idan mun tafi gonar tattasai?

Daga dashen tattasai har zuwa tsinka da shanya, duk mai ƙarfi a gida yana gona. Maza na ban ruwa, mata da yara na tsinka. Gida sai ya rage daga tsoho sai jinjiri. Darasinmu na yau a kan wannan tsoho ne: hannun wa muka bar shi, kuma me mai kula da shi ya sani?

Yadda zamanmu ya sake

A da, tsoho a ƙasar Manga yana zaune tsakiyar ƴaƴa da jikoki da surukai, ba ya rasa mai miƙa masa ruwa. Rikicin Boko Haram ya wargaza wannan zama. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa. A watan Mayu 2016 aka faɗa wa Yebi, aka lalata wurin shan maganin da ke garin. A farkon Yuni na shekarar aka sake kai hari Bosso, dubban mutane suka gudu zuwa Kijandi da Garin Wanzam da bakin kwalta. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta ƙara raba wasu da gidajensu.

Iyalai da yawa sun rarrabu. Sau da yawa tsoho yana hannun suruka guda mai aiki ya yi mata yawa, ko jika ƴar shekara 10, ko maƙwabciyar da ake ba ɗan hasafi. A wasu ƙasashe akwai masu jinya da ake horarwa a aika su gidaje, hukuma kuma tana bin sawun aikinsu. A ƙauyukanmu iyali ke yin wannan aiki, don haka iyali ne za su koya, su kuma bi sawu. Kula da tsoho aiki ne mai ƙa'ida, kamar ban ruwa. Ga ƙa'idodin.

1. Zaɓen mai kula

A zaɓi babba mai haƙuri, wanda tsohon ya yarda da shi kuma suke jin harshen juna. Yaro yana iya aike, amma ba a ɗora masa bayar da magani ko ɗaga majinyaci. Idan biya ake yi, a yanke lada a gaban shaida, a faɗi aikin dalla-dalla. Mai gida ya riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba, ya kuma keɓe da tsohon ya tambaye shi yadda ake yi masa. Mai kula ma tana bukatar hutu. Wadda ta gaji ita ce ke tsawa, ita ce ke mantuwa. A raba kwanaki tsakanin ƴan uwa.

2. Ruwa da abinci

Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar saurayi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, jikinsa yana iya bushewa bai ce komai ba. Kada a jira ya roƙa, a riƙa miƙa masa ruwa kaɗan-kaɗan duk yini. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Ruwan ya zama na famfo, ko dafaffe, ko wanda aka sa wa ƙwayar tsabtace ruwa. Mu tuna ciwon hanta mai sa shawara da ya ɓulla a jahar Diffa a 2017, ta gurɓataccen ruwa ya yaɗu. Idan zawo ya kama shi, a dama ƙunshin gishiri da sukari na likita cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Mai raunin haƙora a ba shi kunu mai kauri, wake da ya dahu luguf, kifin da aka cire wa ƙaya, nono da ƙwai. A rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali guda. A zaunar da shi tsaye kafin a ba shi abinci, don kada ya shaƙe.

3. Magani

Maganin da ake tallarsa a rana bisa faranti ba a san ƙarfinsa ko shekarunsa ba. Ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake sha kullum suna iya cin ciki da lalata ƙoda. Tramol yana sa jiri da ruɗewa. A bar likita ya rubuta. Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya daina magani don ya ji sauƙi, kuma a riƙa kai shi awo. Awon jinin da ke kai 140 bisa 90 a kai a kai yana bukatar likita.

Nan ne karatunmu na yaƙi da jahilci zai yi amfani. A sami littafi, a rubuta sunan magani da lokacinsa. Ga mai kula da ba ta iya karatu ba, a zana rana don safe, a zana wata don dare. Duk wanda ya ba da magani ya yi alama, don kada mutum biyu su ba da shi sau biyu.

Maganin feshin tattasai da takin zamani a kulle su nesa da ɗakin kwana. Kada a zuba maganin ƙwari cikin kwalbar lemo. Mai raunin gani zai ɗauka abin sha ne.

4. Faɗuwa

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ne suka fi yawa cikinsu. A kawar da igiyar dabba da turke da tabarmar da ta naɗe daga hanyarsa. A kafa itace mai ƙarfi a bakin masai don ya riƙe. A aje masa sanda da fitila da fo kusa da shimfiɗa. Kada a bar garwashi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba.

5. Wanda ya kwanta

Majinyacin da ba ya iya juyi a juya shi duk bayan awa 2. A duba ƙugu da duwawu da dunduniya da kafaɗa kowace safiya. Wurin da ya canza launi ko ya yi zafi farkon gyambo ne. A ɗauke nauyi daga kansa, a nuna wa ma'aikacin lafiya. A sauya jiƙaƙƙen zane nan take, a kuma ɗaura masa gidan sauro.

6. Alamun da ba a kwana da su

Baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe. Ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar. Ruɗewa farat ɗaya. Kasa tsayuwa bayan faɗuwa. Duk ɗaya daga cikinsu, a nufi gidan likita ba jira. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko rubutu. Mun ga wuyar kai majinyaci a 2015, lokacin da dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur. A shirya amalanke ko lambar mai mota tun ana lafiya. Tsarin magani kyauta na 2006 an yi shi ne don yara ƴan ƙasa da shekara 5 da masu ciki. Saboda haka idan an sayar da tattasai, a ware kuɗin buhu guda don jinyar tsoho.

7. Mutunci

Wani bincike na 2017 ya nuna kusan 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun gamu da wata cutarwa cikin shekara guda: zagi, duka, ƙyaliya ko cin dukiya. Karɓe katin tallafin tsoho ko sayar da awakinsa ba da yardarsa ba zalunci ne. Wanda ya fara mantuwa ciwo ne gare shi, ba maita ba, ba a ɗaure shi, ba a kulle shi. A suturta shi wajen wanka, a kuma nemi shawararsa a kan abin da ya shafe shi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Tsofaffi nawa ne a unguwarku ke wuni su kaɗai lokacin tsinkar tattasai? Wa zai riƙa leƙa su? Kowa ya zo da littafin maganin tsohon gidansu a zama mai zuwa, mu gyara rubutun tare. Allah ya ba mu lafiya da albarkar iyaye.