Kai Matsalarka Inda Ake Da Maganinta

Tambaya: Malam, ina koyon Python. Duk sanda shirina ya ƙi aiki na nemi taimakon masana, sai su yi mini shiru. Ina laifina?

Amsa: Ƙanina, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Galibi ba ka kai kukan inda ya dace ba ne. Ai mai ciwon haƙori ba ya zuwa wurin maɗori.

Kafin ka tambayi kowa, karanta layin ƙarshe na saƙon kuskuren da Python ya fitar. In ka ga ModuleNotFoundError, yawanci wani ƙunshi ne ba ka saka da pip ba, ko ka kuskure sunansa. In ka gane tushen matsalar, ka kai ta wurin masu ita: matsalar Django ta masu gina shafukan intanet ce, ta pandas kuwa sai masu sarrafa bayanai.

Sannan ka sauƙaƙa wa mai amsa. Faɗi ko Windows kake amfani da shi ko Linux, da wane Python, domin tun 2020 aka daina kula da Python 2. Kwafo 'yan layukan da suka kawo cikas a rubuce. Don Allah ka daina ɗaukar hoton fuskar kwamfuta da waya, ba mai iya gwada shiri daga hoto.